Lemo Ya Yi Araha: Kada Ki Zubar Da Ko Ɓawonsa

Da zarar hunturu ya kunno kai, leɓe ya fara tsagewa, man shafawa ya fara ƙarewa da wuri, to ki leƙa bakin titi. Baro-baro ne na lemo an kasa shi kashi-kashi, ga mai lemo a tsugune da 'yar wuƙarsa yana fere, ɓawon yana sauka kamar zare, bai tsinke ba har ya taɓa ƙasa. Manyan motoci ke kwana a hanya da shi daga Binuwai, gonakin Tibi na wajen Gboko da Ushongo, su sauke a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano, daga nan ya bazu unguwa-unguwa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma ga na Gaya, ga na lambunan Timiya can cikin duwatsun Azbin.

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu yake yin arahar da ba ya sake yi sai baɗi. Ni dai na daɗe ina saye, na yi asara, na ƙona tukunya, na ji kunya gaban baƙi, kafin na gane cewa kuɗin da na biya ya haɗa da ɓawo da farar fata da 'ya'ya, mu kuwa ruwan kawai muke tsotsewa mu wurgar da saura. Ga abin da na tsinta, maƙwabciya, ki ɗauki wanda ya yi miki.

1. Kada launi ya ruɗe ki. Lemonmu yakan nuna sarai alhali yana kore shar, domin sai dare ya yi sanyi ƙwarai ɓawo ke rikiɗewa ya koma ruwan goro, inda ake noma mana shi kuwa sanyin bai cika kaiwa nan ba. Mai sheƙin nan na cikin kwali da ake shigowa da shi daga Masar ko Afirka ta Kudu ya fi namu kyan gani, ya kuma fi shi tsada nesa, amma a bakina bai fi shi zaƙi ba.

2. Auna shi a tafin hannu. Ɗauki biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ruwa, mai siririn ɓawo mai santsi kuma ya fi mai kaushi, wanda rabinsa farar fata ce. Tabo ruwan ƙasa a jiki ba komai ba ne, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne suka gurje fatar tun yana bisa, ciki lafiya lau. Wanda za ki mayar shi ne mai taushi wuri guda.

3. A yanka miki ɗaya kafin ki biya. Lemo ba ayaba ba ne da za ki rufe a kwano ya ƙarasa nuna. Yadda aka tsinko shi haka zai zauna, in da tsami ya zo da tsami zai tafi. Ki zaro ɗaya da hannunki daga tsakiyar kashi, ba wanda aka miƙo miki ba, ki ɗanɗana. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan.

4. Ki tambayi sunansa. 'Yan kasuwa sun san su ɗaya bayan ɗaya: akwai Ibadan Sweet, akwai Valencia, akwai Washington mai cibiya a gindi. Washington na ɓarewa ne a ci, ba shi da 'ya'ya, amma in kika matse ruwansa kika ajiye ba ya daɗewa ɗaci ya fito; Valencia shi ne na matsewa, shi ne kuma ke kaiwa ƙarshen kaka. Tanjarin na jakar 'yan makaranta ne tunda ba ya neman wuƙa, sai dai ba ya jure ajiya, ki sayi na kwana uku kawai.

5. Ku haɗa kuɗi ku sari buhu. Gida uku ko huɗu, a tura maigida ko yaro mai wayo da sassafe lokacin da ake sauke kaya, a zo a raba a tsakar gida. A ja masa kunne kada ya baro gyara.

6. Juye buhun ranar da ya shigo. Wata shekara na jingine buhun leda a sito na ce sai Juma'a, ranar da na kwance bakinsa sai wata koriyar ƙura ta tashi ta bugi hancina, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi bola. Funfunar lemo wake ɗaya ce mai ɓata gari: ta rauni take shiga, daga nan ta bi na kusa. Ki baje shi a kwando ko kan tabarma a inuwa inda iska ke ratsawa, masu rauni a sha su yau, sauran kada ki wanke sai za a sha, duk bayan kwana biyu kuma ki bi su da ido.

7. Randa ta fi firjin da ba wuta. Iskar hunturu tana tsotse lemo, cikin mako guda ki ga ɓawo ya ƙanƙance ya yi tauri. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma, lemo ya shiga ta cikin, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, shi ya sa a busasshiyar iska irin ta hunturu dabarar ta fi ci. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In wurin ya yi kaɗan, lemon tsami za ki fara sakawa, shi ke saurin zama dutse.

8. Ki sha, amma a cinye tsokar. Mu shan lemo muke yi, a yanke masa hula a tsotse a yar, ba ki taɓa jin wanda ya ce ya ci lemo ba. To a riƙa juya kwanson bayan an tsotse a cinye na cikin, ko a yanka shi gida huɗu tun farko, domin wannan zare-zaren shi ke sauƙaƙa bayan gida, shi ke kuma rage saurin hawan suga. Mai ciwon suga musamman, lemo ɗaya da tsokarsa ya fi masa alheri a kan kofi guda na ruwansa, wanda sai an matse uku kafin ya cika.

9. Murza lemon tsami kafin ki yanka. Da sanyin safiya yakan ƙi ba da ruwa. Ki jefa shi a ruwan ɗumi minti biyar, ki murza shi a kan faranti da tafin hannu. Da ruwa ya daina zuba ki daina matsa, abin da zai biyo baya ɗacin ɓawo ne. Kada kuma ki jefa lemo da 'ya'yansa a bilenda, uku kacal sun isa su ɓata miki duka.

10. Tsami a ƙarshe yake shiga. Wannan dokar ita ta fi ba ni wuya kafin na kiyaye. In kika matsa shi a wake tun bai dahu ba, sai gawayi ya ƙare waken yana nan da taurinsa. A alayyahu yana kan wuta, koren ya dushe. A miyar kuɓewa, yauƙin ya tsinke. Ga shi zafi yana cinye bitamin C ɗin da kike nema. Madara kuwa kada ma su haɗu. Ina sabuwar amarya na haɗa wa yayar maigidana shayi mai kauri, na ɗiga lemon tsami don gwaninta, muna kallo ya tsinke ya yi gudaji. Ta leƙa kofin ta ce, "Amarya, a garinku da zafi ake shan kindirmo?" Har yau ba ta bar ni na huta ba.

11. Matsa shi a kan wake da ganye. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogale da alayyahu, wanda jiki ke gina jini da shi, ya fi shiga jiki in ya samu bitamin C a tare. Rabin lemon tsami a kan kwaɗon zogale ko ɗanwake, ko lemon zaƙi ɗaya bayan faten wake, ya yi aikin, mai ciki da mai jego da 'yan mata su suka fi buƙata. Baƙin shayi akasin haka yake yi, a jinkirta shi awa ɗaya bayan an ci abinci.

12. Ki huta da jiƙa tsamiya. Kunun gyaɗa da lemon tsami ya fi fitowa fari tas. Ki sauke tukunya tukuna, ki zuba kaɗan-kaɗan kina juyawa kina ɗanɗanawa. Awara ma in ba ki da ruwan tsami, tataccen lemon tsami yana haɗa ta: ki bi madarar waken suya da cokali-cokali tana tafasowa, har ki ga ta dunƙule ruwan ya koma garau.

13. Ƙarni ba ya ja da lemon tsami. Tarwaɗa ki barbaɗa mata gishiri, ki matse biyu a kai ki murza, yauƙin zai fita fari-fari. Tumbi da hanji ma haka. Amma kada kifi ya wuce rabin awa a ciki, tsokar za ta yi fari ta farfashe a mai. Wari yake kora, ba ya maye gurbin wuta, nama sai ya dahu.

14. Ki gwada yasa ta Sanagal. Girkin mutanen Kasamans ne a kudancin ƙasar, kuma komai nasa yana cikin kicin ɗinki, ga sabuwar albasa tana shigowa a daidai wannan lokaci. Kaza ɗaya, manyan albasa biyar a yanka sirara, ruwan lemon tsami takwas irin namu ƙanana, tafarnuwa, masoro, attaruhu ɗaya, gishiri da dunƙule, a cakuɗa a rufe awa uku a wuri mai sanyi. Ki tsame kazar ki gasa a garwashi ta yi ja, ki soya albasar kan wuta kaɗan-kaɗan har ta narke ta fara zaƙi, ki juye ruwan jiƙon, ki mayar da kazar su dahu tare minti 30, kazar Hausa kuwa sai kin ƙara mata ruwa da haƙuri. Da farar shinkafa ake ci, kuma a nan na yarda tsami ya riga wuta, domin zaƙin albasar ne ke kwantar da shi.

15. Ɓawo kayan ƙamshi ne. Ki wanke lemon sosai, ki goge samansa da magogin kuɓewa, iya mai launin, kada ki taɓo farin don nan ɗaci yake. Cokali ɗaya a kwaɓin cincin ko kek ko fanke ya fi filebon kwalba. Wanda kika fere da wuƙa ki baza a faifai, hunturu zai busar miki da shi ƙarau cikin kwana uku, ki daka ki ɗura a kwalba. Na cikin kwali akan shafe shi da kaki da maganin funfuna saboda doguwar tafiya, don haka a harkar ɓawo namu na gida za ki nema.

16. Ki jefa shi a zoɓo. Busasshen ɓawo biyu ko uku a minti biyar na ƙarshen dahuwa, tare da citta da kanumfari. In ya wuce haka sai ɗaci. Ko ki markaɗa ɗanyar citta, ki tace, ki matse lemon tsami ki sa suga, irin wanda Zabarmawa ke ce wa lemu-hari. Ki koyi hannun tun yanzu: azumin 2025 a farkon Maris ya kama, kowace shekara kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11, wato shekarun nan masu zuwa a cikin kakar lemo za mu riƙa shan ruwa.

17. Jam ɗin shafa wa burodi, in suga ya samu. Lemon zaƙi kilo 1, wato kamar biyar ko shida, lemon tsami biyu, ruwa lita ɗaya da rabi, suga kilo 1. Ki yanka su sirara har ɓawon, 'ya'yan ki ƙulle a tsumma mai tsabta ki jefa cikin tukunyar domin su da farar fatar ke sa ya kama, ki dafa har ɓawon ya murje tsakanin yatsu kafin ki zuba suga. In suga ya riga shiga, ɓawon ba zai ƙara laushi ba. Daga nan kada ki matsa ko nan da ƙofa, a nan na taɓa ƙona tukunya: ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, in kin tura da yatsa ya yi tamoji ki sauke, ki ɗura da zafinsa a kwalbar da kika tafasa.

18. Gishiri ya fi suga araha. Mutanen Maroko haka suke ajiye lemonsu na tsami, namu ƙanana ma suna yi. Ki tsaga kowanne gida huɗu ba tare da ya rabu a gindi ba, ki cusa gishiri, ki danna su a kwalba har ruwa ya taso ya rufe su, in bai rufe ba ki ƙara matse wasu a kai, ki sa leda ƙarƙashin murfin kada ya yi tsatsa. Bayan wata ɗaya ɓawon ya yi laushi, ɗacin ya tafi. Ki ɗauraye ki yayyanka kaɗan a farfesun kaza ko miyar kifi, ki rage gishirin miyar.

19. Wanda ya bushe ma kada ki yar. Baƙin busasshen lemon nan da alhazai ke kawowa tsaraba cikin kayan ƙamshin shinkafa, wanda Larabawa ke ce wa lumi, lemon tsami ne kawai. Ki tafasa naki minti uku zuwa biyar a ruwan gishiri, ki shanya a rana kina juyawa har ya yi duhu ya yi sakayau, ki ji 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, abin yakan ɗauki makonni. In za ki yi dafa-duka ki huda ɗaya da bakin wuƙa ki jefa, ki cire kafin ki zuba wa mutane.

20. Kwanson da kika matse ya bi ta wajen wanke-wanke. Ki dangwali gishiri ko toka da shi ki goge katakon yanka, da wuƙa, da hannun da ya taɓa kifi. Butar shayin da ruwan burtsatse ya yi wa farin ɓawo a gindi kuwa ki tafasa kwanso huɗu a ciki. Kada abinci mai tsami ya kwana a tukunyar dalma, yana cin ta yana kuma ɗauko ɗanɗanonta. Bilic da lemon tsami kada su taɓa haɗuwa a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce.

21. Ɓawo a garwashi, amma a buɗe taga. Muna yara mukan matsa ɓawo a bakin fitilar ƙwai mu ga tartsatsi; man nan ne ke ba ɗaki ƙamshi in an sa busasshe a kasko, yana kuma ɗan rage sauro, ko da yake bai kai gidan sauro ba. Abin da nake roƙonki shi ne kada kasko ya kwana a ɗaki rufe don jin ɗumi. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

22. Mura: ki san iyakarsa. Matsakaicin lemon zaƙi ɗaya yana da kusan miligiram 70 na bitamin C, kusan abin da babba ke buƙata a yini, amma ba ya hana mura kama mutum. Ruwan ɗumi da zuma cokali ɗaya da rabin lemon tsami yana sanyaya maƙogwaro, yana sa a samu barci. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba dai ba a ba shi zuma ko ɗigo. Yaron da ke numfashi sama-sama ko zazzaɓi ya ƙi sauka, asibiti za ki nufa da shi.

23. Garehul da magani ba sa shiri. Yana hana jiki sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini kamar an ninka su: wasu na hawan jini irin su nifedipine, na rage kitsen jini irin su simvastatin, har takardar da ke cikin kwalin Coartem na zazzaɓin cizon sauro ta ce a guje shi. Raba lokaci ba ya magani, domin tasirinsa yana wuce yini guda. In akwai tsoho mai shan magani kullum a gidan, a tambayi likita ko mai ba da magani kafin a yanka masa.

24. Ki raba 'yan matanki da shafa lemon tsami a fuska. Ruwan lemon tsami a fata in rana ta buge shi ƙuna yake yi, ya bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni; na ga yarinya ta yi haka ana saura mako biyu bikin yayarta, ta yi bikin da hoda kamar an yaɓa. Ko matsewa kika yi da yawa, ki wanke hannu da sabulu kafin ki fita shanya. Haƙori ma tsami na cin sa: a kurkure baki da ruwa, a jira rabin awa kafin buroshi ko asuwaki, mai ƙwannafi ko gyambon ciki kuma ya bar shan sa da safe ciki ba komai.

25. In za ki shuka, sayi mai aure. Dashen da aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ki shekara bakwai ko fiye kina ban ruwa ga ƙaya. Ki dasa da farkon damina kusa da inda ake alwala, ruwan ba zai tafi a banza ba, a kewaye shi saboda awaki.

26. Ki san lokacin tsayawa. Zafi na shigowa wajen Maris, lemo zai fara tsada, cikinsa kuma ya fara bushewa ta wajen kai, ki ga babba amma ba nauyi. Ranar da kika yanka biyu a jere kika tarar da su kamar soso, ki bar wa mai baro kayansa, ki buɗe kwalbar gishirinki. Mangwaro na hanya.